Takardar Asibitin da Aka Ɓoye a Babur

Ranar da surukina Waliyyu ya tsaya a bakin shagona a Jega ya gaishe ni sau uku a zama ɗaya, na san akwai abin da ke tafe, kuma ba alheri ba ne. Waliyyu manomin albasa ne a Aliero, mutum mai gaggawa, wanda kullum daga kan babur yake jefo gaisuwa ya wuce. Amma ran nan sai da ya kashe babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni? Ina gajiya?"

"Lahiya lau. Ka dawo daga Sakkwato?"

"Na dawo. Ina wuni, Baba?"

"Ka tambaya, na amsa. Mi anka ce?"

"Lahiya anka ce. Komi lahiya lau. Baba, ya aiki?"

Bai dubi fuskata ba. Injin ban-ruwan da nake kwancewa ya ƙura wa ido kamar bai taɓa ganin irinsa ba, alhali uku gare shi a fadama, kuma duk ni nake gyara masa su.

Matarsa ɗiyata ce ta fari. Shekara biyu ke nan da aka yi mata aikin ciwon dajin mama a Sakkwato, aka cire ɓangaren hagu. Ta sha maganin nan mai zubar da gashi, gashin ya zube, ya sake fitowa, ta murmure har ta fi da ƙiba. Duk wata shida takan koma a yi mata hoto, a ɗebi jini. A wannan karon sakamakon bai fito ranar ba, don haka Waliyyu ya ce tunda zai bi motar albasa zuwa Sakkwato bayan sati, shi zai karɓo.

Na so in ƙara tambayarsa, amma ba hali. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Sunanta Raihanatu, amma tun ranar da aka raɗa shi bakina bai taɓa furta shi ba. "Mutuniyar Aliero" nake ce mata. Ko lokacin da take kwance a asibiti, yayata Gudiya ce ta yi jinya, ni kuwa ina waje a gindin dogon yaro ina tambayar masu shara yadda ɗaki na huɗu ya kwana.

Bayan kwana huɗu na kira Waliyyu a waya na ce masa na ji injinsa yana tari, zan zo in duba.

"Baba, daga Jega ka ji tarin?"

"Kunnen mai gyara daban ne," in ji ni.

Kafin in wuce fadama na biya ta gidan, don a ce na gaida Hajiya Kyauta, mahaifiyar Waliyyu. A zaure na zauna kamar kullum, ban taɓa wuce nan ba. Hajiya ta leƙo muka gaisa, ta koma. Can sai ga mutuniyar Aliero da kwanon ruwa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuma na amsa ina kallon bango, yadda aka saba.

"Baba, an mai da ni sarauniya a gidanga," ta ce tana dariya. "Inna ta hana ni daka, ta hana ni shara. Jiya har hanta anka gasa mani, ni kaɗai. Ko ranar da anka kawo ni amarya ban ga haka ba."

"To, madalla."

Ta ja zaren tabarma.

"Baba, ko ya nuna maka takardar?"

"Wace takarda?"

"Ta asibiti. Duk wadda anka ba ni ina aje ta a leda, a ƙasan akwati. Goma sha ɗaya gare ni. Wagga ya ce likita ta riƙe. Likita ba ta taɓa riƙewa ba."

Na ce, "Tunda an ce lahiya, ai lahiya ce." Na shanye ruwan na tashi. Injin Waliyyu kuwa lafiyarsa ƙalau. Na kwance shi na mayar, don kada a ce ban yi komai ba.

Aiki ya riƙe ni a Kimba da Birnin Malam, sai bayan sati uku na sake komawa. Lokacin bazara ta kankama, cirar albasa ta yi nisa, duk garin Aliero warinta yake yi, ko shayi ka sha sai ka ji ta. A ƙofar gidan na iske mata biyu suna fitowa, suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka gan ni sai ɗaya ta ce, "Sannu Malam Sanusi, sai haƙuri. Allah shi ba ta lahiya." Ɗayar ta zungure ta da gwiwar hannu.

Daga baya na gane yadda aka yi. Hajiya ta gaya wa aminiyarta ɗaya tak, amana, don ta nemo mata malamin rubutu. Aminiyar ita ma tana da aminiya. Kafin sati ya zagayo, duk unguwar ta san an ga wani abu a hoton matar Waliyyu, ban da mai jikin.

Da ta kawo mini ruwa, na saci kallonta. Wuyanta ya zurma, zanen da ke jikinta sai da ta ƙara masa naɗi. Dariyar tana nan, amma ta gajarce. Hannunta na dama kuma ba ya zama wuri ɗaya, kowane lokaci sai ya lallaɓa ƙarƙashin hammatar hagu ya danna, ya dawo, kamar mai duba ko maɓallin ɗaki na nan.

"Yanzu rubutu nike sha sahe da marece," ta ce. "Inna ta ce na tsari ne. Ga wani gari da ake zuba mani a kunu, ɗaci kamar maɗaci. Ga baƙi. Baba, matan da ba su taɓa tako gidanga ba duk sun zo gaishe ni. Wata har da hawaye, ta ce albasa ce ta shiga idonta."

"Ai lokacinta ne," na ce.

"Lokacin wa?"

"Albasa."

Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ɗauki kwanon ta shiga ciki.

A fadama na iske Waliyyu da ma'aikatansa suna cira, ana tara albasa tsibi-tsibi ana rufe ta da ganyenta don kada rana ta dafa ta. Wannan karon injin da gaske ya lalace. Na nemi sifana mai lamba goma na rasa a jakata, sai na ɗaga kujerar babur ɗinsa, don na san nan yake ajiye ƙarafa. A ƙarƙashin tsumma na ga farin ambulan, ya sha baƙin mai a gefe.

Karatuna bai wuce aji shida ba, amma kwanan wata ba ya buƙatar Turanci mai yawa. An zagaye wani layi da jan biro, a ƙasa kuma an rubuta ranar dawowa, an ja mata layi biyu. Na ƙirga da yatsu. Ranar ta wuce da kwana goma sha ɗaya.

Na yafito Waliyyu. Da ya ga abin da ke hannuna, sai ya tsugunna a kan kunyar albasa ya cire hula.

"Mi likita ta ce?" na tambaye shi.

"Baba, wani ɗan abu sunka gani a hammata, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce wataƙila tabon aiki ne, wataƙila kaluluwa ce, wataƙila kuma shi ne. Sai an sa allura an ɗebo kaɗan an auna."

"To mi ya hana?"

"Baba, kai ba ka ga yadda ta sha wuya wancan karon ba? In na hwaɗa mata, tsoro kaɗai ya isa ya kwantar da ita. Yanzu ga ta tana cin abincinta, hankalinta kwance."

"Tana ci?"

Ya tsallake wannan. "Kuma ga albasa ta nuna. In ta ƙara sati a ƙasa da zahin nan, ruɓewa za ta yi. Ka san zuwa asibitin can ba na wuni ɗaya ba ne, yau a ce ku dawo gobe, gobe a ce jibi. Da an gama cira an zuba a rudu, rumbun albasa, sai in ce mata ta shirya mu tahi ziyara Sakkwato. Ko ita ba za ta san an yi ba."

"Za a soka mata allura ba ta sani ba?"

"Sai a san dabara. Kuma Inna ta ce kada a tada maganar. Ai likitar da kanta ta ce wataƙila ba komi."

Ina da abin faɗi cike da baki. Amma ma'aikata sun daina cira suna kallonmu, kuma maganar ta ɗiyar fari ce, a gonar mijinta. Na ce, "To, Allah shi kyauta." Na ninke takardar na mayar da ita ƙarƙashin tsumman, da hannuna. Har sifanar na samu a wurin, na gyara injin, ya tashi da bugu ɗaya.

A gida na gaya wa matata Hamdiyya. Ita ma kunyar ɗiyar fari take yi, ta ma fi ni. Ta ce, "Ai matar mutane ce, su sunka san abin da ya dace." Washegari ta zuba gishiri a koko maimakon sukari, muka sha haka nan.

Kwana tara na yi ina gyaran injinan mutane ina ɗaura ƙusa a inda ba wurinta ba. A na taran, bayan azahar, na hau babur na tafi Aliero ba tare da na ƙirƙiro wa injin kowa ciwo ba.

Tun a ƙofa maƙwabciyarsu ta tare ni. "Malam Sanusi, ɗiyarka ta ba mu tausayi jiya. Gida-gida ta bi. Ta maido mani rariyata da ta ara tun kafin azumi, ni har na manta. Kowa sai da ta ce ya yahe mata."

Na zauna a zaure. Ta fito, ba kwanon ruwa a hannunta, sai ƙunshin kaya a ɗankwali. Tafiyar ma a hankali take yi tana dafa bango. Ta ajiye ƙunshin a gabana.

"Atamfofina ne masu kyau, guda huɗu, da 'yan kunnena. A ba Bushira." Bushira ƙanwarta ce.

"Ba ki so ne?"

"Ina so." Ta gyara durƙuso. "Baba, ka yahe mani duk abin da na yi maka."

"Mi kika yi?"

"Ban sani ba. Ka dai yahe." Ta yi ɗan murmushi. "Na san irin kallon nan, Baba. A asibiti akwai wata mata da gadonta ke kusa da nawa, 'yar Argungu. Ranar da danginta sunka fara kawo mata tsire da lemo, suna magana da ita kamar jaririya, ranar na san an sallame ta. Ita ma ta sani. Ba wanda ya hwaɗa mata har ta tahi." Ta ɗago kai, a karo na farko ta dube ni ido cikin ido. "Ba ni tsoro yanzu, na gama jin tsoron. So nike kawai in sani. Wata nawa anka ce?"

Ba wanda ya ce wata ko ɗaya. Na san haka, amsar tana kan harshena. Sai ga Hajiya Kyauta ta ɗaga labule da ƙwaryar fura.

"A'a, Malam Sanusi, yaushe a gari? Ke kuma tashi ki shiga, iska na bugun ki. Ka gan ta nan, lahiya lau, sai shagwaɓa."

Ta tashi ta shiga. Na kurɓi furar ban ji ɗanɗanonta ba. Na ɗaure ƙunshin a bayan babur, na kama hanya. Da na iso Jega ban tsaya ba, na miƙe Maiyama.

Yaya Gudiya tana tsakar gida tana matsar man gyaɗa. Ita ta yi goyon yarinyar tun yaye, ita kuma ba ta san wani abu wai shi kara ba. Na ba ta labari tun daga farko. Ba ta daina matsa ba sai da na zo kan inda na mayar da takardar.

"Ka mayar?"

"Na mayar, Yaya."

"Da hannunka?"

"Ma'aikata na kallo."

"Ma'aikata! Su sunka haihe ta? Kai Sanusi, tun kana yaro haka kake, a taka maka ƙahwa ka ce sannu. Kunya ta hana ka kiran sunanta, mun ji, mu ma haka anka yi muna. Amma wane malami ya karanta maka cewa kunya ta hana uba ceton ɗiya? Yarinya tana raba kayanta da ranta, kai kana shan hura?"

"Kurɓa ɗaya na yi."

"Allah shi ba ka lada. Gobe da sassahe za ka kai ni."

Da safe ta hau bayana, ƙunshin atamfa a cinyarta. Tun daga Maiyama har Aliero faɗa take yi, rabinsa iska ta kwashe. Abin da na ji sosai shi ne, "Tuƙa a hankali, ba injin ban-ruwa ka ɗauko ba."

Ta yi sallama ta shige cikin gida kai tsaye. Ni na tsaya a bakin ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida, inda nake iya ganin su. Albasa ta cika tsakar gidan, buhu kan buhu. Suka gaisa da Hajiya Kyauta gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya, da zafi, da jikoki, da awaki. Sannan Yaya ta ce, "Hajiya, takarda munka zo karɓa."

Hajiya ta waiga wajen ɗakin surukarta, ta rage murya. "Haba Gudiya. Wagga yarinya ɗiyata ce, ba suruka ba. Wa ke gasa mata hanta? Wa ya hana ta aiki? Don muna son ta munka yi shiru."

"Kun so ta har ta koma rabi."

"Zahi ne, kowa ya rame. Kuma ki duba, bara munka yi saukar Alƙur'ani, munka yanka rago, liman ya yi addu'a, duk gari ya ci ya shaida ta warke. Mun gode wa Allah a bainar jama'a. Yanzu mu koma asibiti mu ce mi? Mu ce ba mu yarda da abin da Ya yi muna ba?"

"Ragon ne ya duba hoton?"

"Gudiya, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronSa, shi ya sa na zo. Wanda ya ba da sauƙin Shi ya ba likita ido. Ku mutanen Aliero ɗori kunka iya, ko ƙashin mutum ya yi gari ku haɗa shi, na yarda. Wanga ba karaya ba ce."

Ana cikin haka Waliyyu ya shigo, wani ya kai masa labari a fadama. Ya durƙusa wa Yaya. "Goggo, kwana goma kaɗai nike roƙo. Saura gona ɗaya."

Yaya ta juyo ta nuna ni da haɓa. "Ni ba ni da ta cewa. Ga ubanta can yana riƙe da ƙofa kada ta faɗi. Shi yi magana."

Duk suka juyo. Shekara bakwai tana gidan nan, ƙafata ba ta taɓa taka tsakar gidan ba. Na taka. Na buɗe baki, abin ya fito da wata irin murya kamar ba tawa ba.

"Raihanatu!"

Hajiya ta dafe ƙirji. Can labule ya motsa, ta leƙo tana dube-dube, tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunan a bakina ba. Da ta gane, sai ta fito a hankali ta tsaya.

Na ce wa Waliyyu ya ɗauko takardar. Ya fita ya dawo da ita, na karɓa na sa a hannunta. Na gaya mata duk abin da ya gaya mini a fadama, ban rage ba, ban ƙara ba: ɗan abin da aka gani, da allurar da za a yi, da ranar da ta wuce.

Ta zauna a kan buhun albasa. Ta daɗe tana kallon jan biron.

"Wataƙila tabo ne?" ta ce.

"Haka likita ta ce."

"Ba a ce wata kaza ba?"

"Ba wanda ya ce."

Sai ta kwashe da dariya, dariya sosai har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Hajiya ta matso za ta riƙe ta, ta ɗaga mata hannu. Ta juya wajen mijinta.

"Malam, sati biyar. Sati biyar ina zaɓen wadda za ta yi mani wankan gawa. Ruwan maganin nan sau takwas anka ɗaura mani. Na yi amai har na ga kore, farcena ya yi baƙi, na ga kaina a madubi ba gashi ko ɗaya. Kai kana baranda kana waya da dillalai. Ni ce ba ni iya jin magana?"

"Don hankalinki na yi, wallahi."

"Jikin wa anka yi wa hoto?"

Ta juyo gare ni.

"Baba, kai ma ka sani?"

"Kwana goma yau."

Ta sunkuyar da kai, yadda take yi kullum a gabana. Da ta yi mini faɗa irin na Waliyyu, da ya fi mini sauƙi.

Sai Yaya ta jefa mata ƙunshin a cinya. "Ungo tsummokaranki. Sun je Maiyama sun sha iska sun dawo. Bushira ta jira nata auren. Tashi ki ɗaura mai kyau, ki kuma sa a dama muna wani abu, tun asuba ubanki ke jijjiga ni a kan ramuka."

Washegari muka tafi Sakkwato mu huɗu, ni da Yaya da Raihanatu da mijinta. Waliyyu ya bar wa ƙanensa gonar, kuma har muka dawo albasa ba ta gudu ba. Likitar ta duba kwanan watan, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi abin da ya tsayar da mu sati uku. Ni na dubi takalmina, Waliyyu ya dubi fanka.

"Albasa muke cira," in ji Raihanatu.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce daga yau ba za a ƙara miƙa sakamakon ga kowa ba sai mai jikin. Aka shiga da ita, aka yi allurar, ba a ɗauki rabin sa'a ba. Abin da aka yi sati biyar ana ɓoyo ke nan. Da ta fito da auduga a hammata, abin da ta fara nema shi ne masa da miya, ta ci bakwai.

A garuruwanmu tausayi muke ce wa wannan. Mutum ya kwanta ciwo, sai a kewaye shi da hanta da rubutu da murya mai laushi, a ɗauke masa labarin jikinsa a raba wa unguwa. Kowa da hujjarsa, kuma ba hujjar da take ƙarya a ciki: Hajiya na son ta, albasa na ruɓewa, kunya kuma tarbiyya ce. Amma duk cikinmu ba wanda ya rame. Ita kaɗai ta rame. Matar da ta haye wannan ciwo sau ɗaya ta fi duk mutanen gidan sanin yadda ake kallon wanda aka fid da rai da shi, ba a ɓoye mata komai. Abin da kawai muka iya ɓoye mata shi ne ɓangaren da ke da sauƙi.

Yanzu tana Maiyama wurin goggonta, ta ce can za ta jira. Ba yaji ba ne, in ji ta, hutu ne daga sarauta. Yaya ta sa ta ɓarar gyaɗa tun ranar da suka isa. Waliyyu yana zuwa duk bayan kwana biyu, ya zauna a ƙofar gida har sai an ga dama an ce ya shigo. Wani lokaci tana hira tana dariya sai hannun ya tafi hammata. Yaya ta ce mata, "Kin taɓa ɗazu, yana nan, ba inda ya je," ta ce, "Na sani, Goggo," su ci gaba da ɓara.

An ce sakamakon zai fito cikin sati biyu. Yau kwana shida. Ko tabon aiki ne, ko kaluluwa, ko ciwon ne ya dawo, ba mu sani ba. Na tambayi likitar a baranda ko sati ukun da muka ɓata zai cuce ta in har shi ne. Ta ce wannan ita ma ba ta sani ba tukuna.